Sakata da Tsohon Mabuɗi

Mahaifin Sakata kafinta ne, kuma cikin duk abin da ake yi da katako ƙofa ya fi so. Kujera yakan yi ta don bakin yara, gado sai an matsa masa, amma ranar da aka kawo aikin ƙofa sai ka ga ya tuɓe hula ya ajiye gefe, ya shafa katakon da tafin hannu kamar mai lallashin doki. Idan ya gama kafa ta, ba rufewar yake fara gwadawa ba. Sai ya ja da baya, ya tura ta da ɗan yatsa guda, ya kasa kunne.

"Rufewa kowa ya iya," haka yakan ce wa mai aikin. "Ni abin da nake dubawa, mai ɗakin ya iya shiga ko da hannuwansa biyu cike suke da kaya."

A cikin wannan ƙurar zarto 'yar ƙanwata ta yi rarrafe, a nan ta miƙe. Sai dai ita ɗaya ɓangaren sana'ar ta fara ɗauka. Tun tsayinta bai kai sakatar ƙofar gida ba, da magariba in kowa ya shigo, sai ta kife bokiti ta hau, ta taɓa sakatar ta ji ta shige. A gabanta aka rufe, da idonta ta gani, amma sai ta taɓa. Yayyenta suka laƙaba mata Sakata don tsokana. Ta yi kuka, ta kai ƙara, uwar ta yi faɗa, sunan ya ƙi tafiya. Yau 'ya'yanta biyu, har da 'yar furfura a gefen kai da take turawa ƙarƙashin ɗankwali, amma ko a wurin aiki da shi ake kiranta.

Karatunta bai zo a jere ba. Da ta gama sakandare, shagon buga takardu ta zauna, tana buga wa mutane takardar neman aiki. Ranar da babu kasuwa, abokan aikinta na gyangyaɗi, ita tana leƙen cikin kwamfuta, tana son sanin me ke bayan abin da ido ke gani. Daga nan ta shiga ajin yamma ta koyi rubuta manhaja, wato umarnin da kwamfuta ke bi. Ta auri wani tela mai sanyin murya da yawan barkwanci, wanda ba a raba rigarsa da guntun zare. Da goyon fari a bayanta ta zauna jarrabawar ƙarshe. Na biyun na koyon tafiya ta samu aiki a ma'ajiyar jini.

Dogon gini ne a bayan babban asibiti. Kana shiga sanyi zai tare ka, sai gurnanin injina da ba ya yankewa, har ma'aikatan sun daina jin sa. Teburinta na lungu, tsakanin taga da ƙofar ɗakin sanyi. Daga kujerarta tana hango babban firji, da wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi da aka manne a samansa da salatif, igiyar cajinta ta zuba ta baya. Kowa a gidan ya san ƙararrawar firji ce, in ya ɗumama za ta yi kuka. Ba a taɓa jin kukan nata ba, kuma wannan ne abin tinƙahon Mai Firji, dattijon da ke kula da injinan sanyi. Shi ke goge ta, shi ke sa mata kati.

"Wayar nan za ta tsufa ba ta san muryarta ba," yakan ce, yana bubbuga gefen firjin kamar mai yabon saniya. "Firjina ba ya zazzaɓi."

Aikin da Sakata ta gada manhajoji uku ne. Ɗaya ta san ledojin jinin da ke cikin firji, rukuni-rukuni. Ɗaya ta san masu ba da jini, da sunansu da unguwarsu da lambar wayarsu. Ta ukun ke karɓar buƙatar asibitoci. Kwamfutocin asibitocin kai tsaye suke tambayar waɗannan manhajoji, ba sai mutum ya ɗaga waya ba. Abin da ake nema kawai shi ne mabuɗi. Ba na ƙarfe ba: dogon jerin haruffa da lambobi ne da kwamfuta ke nunawa duk lokacin da za ta yi tambaya. Wanda ya gina tsarin, wani da ake ce wa Dogo, mabuɗi guda ya yanka wa kowa, ya raba, daga baya aiki ya kai shi wata ƙasa mai nisa. Mabuɗin ya yi ta yawo. Wannan nas ta tura wa waccan a waya, wannan ma'aikaci ya bar aiki da shi a aljihu. Shekaru suka shuɗe, babu wanda zai iya ce maka hannu nawa ya ratsa.

A gidanta matsalar ta fara ƙwanƙwasawa. Maigidanta jininsa irin wanda ba a cika samu ba ne, kuma yana cikin masu bayarwa tun kafin ta fara aiki a wurin.

"Sakata, yau wani ya kira ni," ya ce wata rana suna cin abinci. "Wai ni ne telan nan mai jinin da ake nema? Na ce ni dai tela ne, in ɗinki ne ya kawo yadi."

"Daga wajenmu ne?"

"Ina fa. Na san muryar mutanenku. Wannan ya san sunana, ya san layinmu, ya san yaushe na ba da jini na ƙarshe. Ni kaina na manta."

Ta ajiye cokali. Shi ya ci gaba da cin abincinsa, yana cewa ko ya fara ɗinka wa jinin nasa aljihu mai zif. Amma kiran bai tsaya ba. Wasu dillalai ne suka samu tsohon mabuɗin, suna kwasar lambobin masu ba da jini suna sayar wa iyalan da ciwo ya rikita. Ran nan wani tsoho ya zo har shago, ya durƙusa a gaban keken ɗinki yana roƙo. Telan bai daɗe da ba da jini ba, likita ya hana shi ƙarawa. Ya yi bayani, tsohon bai ji ba. Roƙo ya koma zagi, mutane suka taru.

Da ya dawo gida babu barkwanci a bakinsa.

"Ba zagin ne ya dame ni ba," ya ce. "Idon mutumin nan. Ki cire sunana, Maman yara. Ba zan iya ba."

"Ka ba ni lokaci kaɗan."

"Kin san ba ni kaɗai ba ne."

Ta sani. Masu ba da jini sun fara kira ɗaya bayan ɗaya a cire su. Su ne rijiyar gidan. In suka watse, firjin Mai Firji iska zai riƙa sanyayawa.

Ta je wajen Likita, shugabar ma'ajiyar, mace mai saurin tafiya da saurin yanke magana.

"Likita, ɗakunanmu uku kowanne ƙofarsa a bakin titi take, kuma mabuɗi ɗaya ke buɗe su. Ina so in toshe su duka, in gina zaure guda a gaba. Duk mai tambaya ta nan zai bi. A zauren a ce masa, ina mabuɗinka? Kowane asibiti da nasa, da sunansa a jiki. Wanda aikinsa tambayar leda ne, ba zai ga ɗakin masu ba da jini ba. In na wani ya faɗa hannun banza, nasa kaɗai za mu kashe, sauran su ci gaba da aikinsu."

"Bulo nawa zauren zai ci?"

"Ko ɗaya. Shayi dai zai ci da yawa."

"To a dafa miki. Fara."

Ginin zauren bai ba ta wahala kamar rabon mabuɗan ba. Asibiti-asibiti ta bi, a motar haya, a bayan babur, da kwamfutarta a jaka. Wani wurin a karɓe ta da kujera da ruwan sanyi. Wani wurin a ce mai kula da kwamfutar ya fita, ta jira a benci tare da marasa lafiya, har wata nas ta zo ta tambaye ta me ke damunta. Kowa ta sa masa nasa mabuɗin da hannunta, ta tsaya ta ga tambayar farko ta shige ta dawo da amsa, sannan ta tafi. Tsohon mabuɗin kuwa ta bar shi da rai tukuna, don kada wani ya kwana a waje kafin ta iso gare shi.

Da ta gama zagayen ta zauna gaban allonta. Kyawun zaure ke nan: duk wanda ya ƙwanƙwasa kana ganinsa. Sababbin mabuɗan na shige da fice, kowanne da sunansa, kamar 'yan gida. Tsohon mabuɗin ya kamata ya yi shiru. Bai yi ba. Hannu biyu ne ke riƙe da shi, kuma ko makaho zai bambanta su.

Na farko haɗamamme ne. Ya zo ya nemi lambobi ɗari-ɗari a numfashi guda, kamar mai kwasar hatsi a ɗakin da ba nasa ba. Wannan ta san shi. Ta rage masa hanya nan take, ta sa zauren ya riƙa ba tsohon mabuɗin amsa kaɗan-kaɗan. Ya koma sata da cokali, amma bai daina ba.

Na biyun ne ya hana ta sukuni. Yakan yi kwanaki bai zo ba. In ya zo, tambaya ɗaya zai yi: akwai jini rukuni kaza? In an ce akwai, sai ya tafi. In an ce babu, sai ya nemi lambar mutum ɗaya tak mai irin jinin, ya tafi. Ɓarawo ba ya tambaya haka. Wannan tambayar mai buƙata ce, wanda wani ke kwance a gabansa.

Ta kira duk asibitocin, kowa ya ce ba shi ba ne. Ta bi sawun tambayar, ta tarar ta layin wayar hannu take zuwa, irin wanda dubban mutane ke bi, babu fuska babu unguwa. Ta aika wa Dogo saƙo. Ya daɗe kafin ya amsa, da ya amsa kuma cewa ya yi, "Ƙanwata, ki yi haƙuri, mutanen da na ba mabuɗin nan sun fi ƙarfin kaina."

Ga tsaka mai wuya. In ta bar tsohon mabuɗin, dillalai za su ci gaba da tsiyayar da rijiyar. In ta kashe shi, wata rana wani da ba ta sani ba zai ƙwanƙwasa da jinin mutum a hannunsa, ya tarar da bango. Kuma ba za ta iya barin ɗaya ta hana ɗaya ba, don a idon zauren fuskarsu guda ce, ɗakin da suke shiga ma guda ne.

"Wani ma ya kira yau a cire shi," Likita ta ce, tana tsaye a kanta. "Ki kashe abin nan, Sakata. Ba ku ne kuke da dabarar nan ba? Kin taɓa gaya min. In ba a san mai abu ba, a kashe a ga wa zai yi ihu."

"Haka ake yi a sana'armu, Likita. Amma a wurin da ake sayar da takalma ne ihun ke zuwa da sauri. Namu mai ihun ƙila ba shi da ƙarfin yi."

Likita ta dube ta.

"To me kike so?"

"In rufe, amma kada ƙofar ta yi gum. In ta hana shi shiga, ta yi masa magana."

Yawanci in zaure ya ƙi mabuɗi, wata 'yar lamba yake mayarwa da kwamfuta kaɗai ke ganewa. Ita sai ta sa ya mayar da maganar mutane: Wannan mabuɗin ya daina aiki. In jini kake nema, kira wannan lambar yanzu, za a ɗauka. Ta sa lambar wayarta ta kanta, don ta ofis in an tashi aiki sai dai ta yi ta ringi ga kujeru. Ba ta da tabbacin maganar za ta kai ga idon mutum. Ƙila wata na'ura ce a tsakani da za ta haɗiye ta. Iyakar abin da hannunta ya kai ke nan.

Da hantsi ta kashe shi, ranar aiki, kowa na nan. Ta ce yatsanta ya daɗe a kan maɓallin kafin ya sauka.

Haɗamammen ya zo ya ƙwanƙwasa, ya sake, ya sake, kamar ƙuda a jikin gilashi. Can sai ga kira, wata murya mai zaƙi, wai daga wani asibiti ne, a taimaka masa da sabon mabuɗi.

"Babu damuwa, Malam," ta ce. "Faɗa min sunan asibitin, in zo da kaina in sa muku. Ina son gaisawa da shugabanku ma."

Ya kashe wayar. Bai ƙara kira ba.

Mai tambaya ɗayan kuwa shiru. Kwanaki suka yi ta wucewa. Wayar ta zama mata jariri. In tana girki tana kan shiryayye kusa da gishiri, in za ta yi wanka 'yarta ke riƙe da ita a bakin ƙofa, in tana salla tana gefen darduma. Ta rame a ido. Wayar maigidan ta huta, tata ta ɗauki zaman jira.

"An raba ni da masu kira, an haɗa ki da wanda ba ya kira," telan ya ce. "Ni dai a gidan nan ban san wa ya ci riba ba. Ki ci abinci mana, Sakata. In ya kira ya ji muryar mai yunwa, ai cewa zai yi ke ce mai neman jinin."

Ta yi dariya don ya ji daɗi. A ranta kuwa tambaya guda ke kai kawo: ko ya riga ya zo ta wata hanyar da ban gani ba, ya juya?

Ranar da abin ya faru, safiya ce irin kowace. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan teburinta. Ta ɗaga kofin shayi ke nan, sai wata ƙara ta tsaga ɗakin, siririya, mai kaifi, irin wadda babu wanda ya taɓa ji a ginin. Daga saman babban firji take fitowa.

Mai Firji ya fito daga ɗakin sanyi kamar an harbo shi.

"Innalillahi! Firjina! Ku kawo kuloli! Ku kawo ƙanƙara!"

Bai tsaya duba ma'aunin sanyi ba. Shekara da shekaru yana jiran wannan kukan yana addu'ar kada ya zo, ga shi ya zo. Ya wangale firjin ya fara kwashe ledojin jini, yana jera su cikin kuloli a kan ƙanƙara, rukuni-rukuni, don ko a ruɗe hannunsa bai manta aikinsa ba. Masu gwaji suka bar teburinsu, Likita ta fito da gudu, mai babur ɗin ma'ajiyar ya shigo da hular kwano a kai yana tambayar ina wutar take.

A cikin wannan hayaniyar wayar Sakata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Ta toshe ɗaya kunnen da yatsa.

"Wace ce wannan?" Muryar dattijuwa ce, mai kauri, ba ta da niyyar gaisuwa. "Na tambayi jini an ba ni lambar waya. Lambar waya zan ɗaura wa yarinyar mutane?"

Sakata ta jawo kujerarta. Ta zauna.

"Mama, daga ma'ajiyar jini ne. Ke ce mai tambayar nan? Don Allah daga ina?"

"Yo ni ce mana, wa kike zato? Ungozoma ce ni. Ɗakin haihuwarmu na can bayan kogi, inda kwalta ta ƙare. 'Yata, ba hira na kira ba. Akwai ko babu?"

"Wane rukuni? Jinin ya ɓalle ne?"

"Allah ya kiyaye! Ni ba na jira sai ya ɓalle. Naƙuda ta fara dai, amma na buɗe idonta na ga fari fat kamar takarda. In na ga haka tun da wuri nake tambaya, in san inda zan sa ƙafa. Mai gwajinmu ya duba, irin mai wuyar nan ne."

Ta faɗi rukunin. Sakata ta duba allo. Leda biyu, akwai. Ta ɗaga murya a kan hayaniyar ta faɗa wa Likita. Likita ta juya wajen Mai Firji, kafin ta rufe baki ya nuna wata ƙaramar kula da ƙafa.

"Suna cikin waccan. Su na fara cetowa."

A rufe take, da ƙanƙararta, kamar an san da tafiyar. Likita ta sa hannu a takarda, mai babur ya ɗaure kular a baya, Sakata ta miƙa masa wayarta, ungozomar ta yi masa kwatance, tana haɗawa da faɗan kada ya tsaya gaisawa da kowa a hanya. Ya mayar mata da wayar, ƙarar babur ta yi nisa.

Sai a lokacin Likita ta kalli ma'aunin firjin. Sanyinsa daidai, ko gezau.

"Baba, firjinka lafiyarsa ƙalau."

"To me ya sa ta kuka?"

Sakata ta mayar da wayarta kunne. "Mama, kina ji na? Da wace kwamfuta kike tambayarmu?"

"Kwamfuta? Mu da wutar ma sai ta ga dama? Tes nake turawa. Wani yaro dogo ne ya yi min, shekarun baya, da ƙanwarsa ta sha wuya a hannuna muka rasa jini. Ya ce in rubuta rukunin in tura wa wata lamba, amsa za ta zo. Kuma tana zuwa, sai yau da kuka sa mata baki."

"Karanto min lambar."

Ta karanto. Sakata ta ɗauki wayar ofis ta buga. Mai Firji ya riga ya ɓamɓaro tsohuwar wayar daga salatif yana jujjuya ta yana neman inda ake kashe kukan. A tafin hannunsa ta fara ringi.

Kowa ya kalli wayar, wayar ta ci gaba da kiran kowa.

Ashe ita ce 'yar aiken. Tes ɗin ungozomar kan shigo cikinta, ita kuma ta ɗauki tsohon mabuɗi ta je ta tambayo, ta mayar da amsa. Dogo ya sa ta yi ƙara ne kawai in an hana ta shiga, kuma sai yau aka taɓa hana ta. Duk neman da Sakata ta yi a faɗin gari, mai ƙwanƙwasawar na saman firji yana kallon ƙeyarta.

"Ni dai da zai tafi cewa ya yi, Baba, kada ka bar wayar nan ta mutu," Mai Firji ya ce a hankali. "Bai ƙara komai ba. Na gan ta a kan firji, na ce to ta firji ce." Ya dubi wayar kamar ɗan da ya yi rainonsa aka ce ba nasa ba ne. "Ashe duk goge-gogen nan ungozoma nake wa hidima."

Dariya ta ɓarke, irin wadda ke zuwa bayan tsoro, mai sa hawaye. Likita ta dafa bango tana yi. Can sai ta tsaya cak.

"Tsaya. To shekarun nan duka, wa ke gadin firjin?"

Mai Firji ya gyara tsayuwa, ya buga ƙirji. "Ga shi a gabanki."

"Allah ya ƙara maka lafiya, Baba. Amma gobe za a sayo ƙararrawa ta gaske."

Sakata ba ta yi dariyar sosai ba. Hankalinta na bayan kogi. Ta zauna ta yanka sabon mabuɗi, ta sa masa suna Ungozomar Bayan Kogi, ta ɗora shi a tsohuwar wayar. Ta ba shi izinin tambaya ɗai-ɗai, yadda mai shi ta saba. In babu jini a firji, ba lambar kowa zai ƙara bayarwa ba: buƙatar za ta faɗo teburin ma'ajiyar, su su kira mai bayarwa da muryar da ya sani. Ta tura tes na gwaji daga wayarta, amsa ta dawo. Ta so ta mayar da wayar cikin durowa mai makulli, Mai Firji ya ce sam, inda ta saba nan za ta zauna. Ya kawo sabon salatif.

Rana ta karkata, hasken ya bar teburinta ya hau bango. Shayin safe na nan a kofi, ya yi sanyi. Sai da inuwa ta yi tsawo wayar ta yi ƙara.

"'Yata, ke ce mai lambar?" Muryar ta yi laushi, gajiya ta sauka a cikinta. "An sauka. Mace aka samu, mai ƙaton baki, kina jin ta? Uwar ta zubar da jini kam, yadda na yi tsammani. Amma kafin ya fara ledarku na rataye. Ga ta nan har tana tambayar abinci."

Sakata ta ce min a nan ne ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka, wanda ta daɗe da ɗauka har ta manta nauyi ne. Ta kifa goshi a kan tebur. Ta cikin wayar, daga can inda kwalta ta ƙare, wata sabuwar murya na tsala kuka da iyakar ƙarfinta.

"Mama, na gyara miki. Ki tura tes yadda kika saba."

"To madalla. Amma lambar nan taki na riƙe ta. Na'ura ba a yi mata faɗa ta ji."

Kuma ta riƙe ɗin. Har yau takan kira, wani lokaci don jini, wani lokaci don ta tambayi yara.

Sunan telan na nan cikin masu bayarwa, wasu daga cikin waɗanda suka fita ma sun dawo. Kwanan baya na je gidansu da yamma, na tarar mahaifinta ya zo, ya tsufa, yana zaune yana sukar ƙofar falonsu da wani ya yi. Telan na ba shi labarin wayar kan firji, yana ƙara gishiri, yana kwaikwayon gudun Mai Firji har yara na faɗuwa. Da aka kira magariba Sakata ta tashi ta rufe ƙofar gida, ta taɓa sakatar kamar kullum. Har ta juyo, sai ta koma. Ta zare sakatar, ta tura ƙofar da ɗan yatsa guda, ta kasa kunne. Ƙofar ta buɗe ba ƙara.

Tsohon na kallonta daga inda yake zaune. Hularsa kawai ya tuɓe, ya ɗora a gwiwa.